Tarkon da Kawu Ya Saya a Woolwich

Ina shekarata ta biyu a koyon aikin jinya a wani asibiti da ke kudancin London Kawu ya zo. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina ina 'yar shekara shida. Shi ya kai ni makaranta, shi ya saya mini akwatin da na tafi makarantar kwana da shi, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Na fara da wannan ne don a san ba bare na yi fushi da shi ba.

Lokacin kuɗin man fetur ne. A gida an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa na neman abin da zai saya, duk abin da aka sauke daga jirgi kuwa ba ya kwana a kasuwa. Kawu kayan ƙarfe yake sayarwa a Kano, su kwado da fitilar ƙwai da bokiti da sarƙar ƙofa. Da a hannun manyan dillalai yake sara. Da kasuwa ta buɗe sai ya ce shi ma zai je inda ake ƙera kayan ya ga idon masu su.

Ni da maigidana muna haya a Abbey Wood, a hawan ƙasa na wani tsohon gida. Shi yana karatun injiniyan ruwa da tallafin gwamnatin jiharmu. Muna da ɗan lambu siriri a baya, igiyar shanyata na ciki, ƙarshensa shinge ne, bayan shingen kuma kurmi. Muka ba Kawu ɗakinmu, mu muka koma falo.

Turancin Kawu bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Maigidana yana da lacca kullum, ni kuma na sami hutun kwana biyu, don haka ni na zama tafinta. Ranar Alhamis muka hau bas zuwa Woolwich da adireshin da wani abokin kasuwancinsa ya rubuta masa a bayan ambulan. Muka ratsa kasuwa, muka bi wani lungu da ya gangara wajen kogi, muka sami kantin. Mai shi Bature ne da ya manyanta, da riga ruwan ƙasa ta aiki da fensir a bayan kunne. Mutum ne mai fara'a. Ya ba Kawu kujera, ya sa aka kawo mana shayi. Na fi son a ce mugu ne mai ɗaure fuska, da labarin ya fi mini sauƙin bayarwa.

An gama maganar kwado da fitilu, muna shirin tashi, sai idon Kawu ya kai kan wani ƙarfe da ke rataye can sama kusa da rufi.

"Ke, tambaye shi wancan mene ne."

Na tambaya. Mai kantin ya yi murmushi, ya ce mu biyo shi ciki.

Ɗakin ciki tarkuna ne jere a kan katako, an shafe su da mai. Kowanne kamar baki ne na ƙarfe mai haƙora sama da ƙasa, da ɗan faranti a tsakiya inda dabba za ta taka, da sarƙa da turke. Akwai ƙanana na zomo, akwai matsakaita, akwai wasu manya da sai da hannu biyu ake ɗaga ɗaya. Ya sauke babban, ya hau sifirin ɗinsa da ƙafa biyu har bakin ya buɗe, ya saƙale shi. Sannan ya ɗauko sandar burushin shara ya taɓa farantin. Ban ga rufewarsa ba, ƙara kawai na ji, sai ga sandar ta rabu biyu.

Kawu ya sunkuya ya duba haƙoran. "Wannan ƙarfe ne na gaske," in ji shi. "Me ake kamawa da shi?"

Mai kantin ya ce na kyarkeci ne, irin na ƙasashen sanyi. Ya ce su a ƙasarsu sun gama da kyarkeci tun zamanin kakannin kakanni, yanzu can ƙetare ake aika tarkon. Ya nuna mana wani hoto a bango: mutum biyu da hulunan gashi a cikin ƙanƙara, a gabansu an jera dabbobi kamar manyan karnuka. Ɗaya a gefe bai mutu ba, yana kwance ƙafarsa a cikin tarko, yana kallon mai ɗaukar hoton.

Sai ya shiga tallan kayansa, ni kuma ina juya wa Kawu. Ya ce mai tarko yakan ɗana da yawa a daji, ba ya samun zagayowa sai bayan kwana uku ko huɗu, amma ba komai, tarkon ba ya saki. Ya ce matsala ɗaya ce, kyarkeci yakan cinye ƙafarsa ya gudu da uku, shi ya sa aka yi wa wannan samfurin baki mai tsawo don ya kama can sama, inda dabbar ba za ta iya gutsurewa ba. Ya ce ba a harbinsa in an same shi, don harsashi yana ɓata fata; sanda ake sa masa a ka, ko a taka masa ƙirji har numfashi ya tsaya. Duk wannan da murya ɗaya ya faɗa, muryar da ya yi mana bayanin kwado da ita ɗazu.

Ni kuma na fassara. Ban rage ko kalma ɗaya ba, har gyara Hausar nake yi don ta fita daidai. Na ɗauka in Kawu ya ji zai tashi mu tafi. Shi kuwa abin da ya ji daban: tarkon da ba ya saki.

"Ai wannan kura ma ba ta isa ba," ya ce. "Makiyaya za su saya, manoma za su saya saboda gyado da biri. Mafarauta kuwa sai sun yi layi."

Na juya wajen mai kantin na yi tambayar kaina. Na ce a nan ƙasar ana ɗana shi?

Ya ce a'a, doka ta hana tuntuni, saboda azabar ta yi yawa. Ya ɗaga yatsa yana dariya. "Export only, love."

Wannan maganar, wato sai dai a fitar da shi ƙasashen waje, tana nan a raina har yau. Sun zauna sun duba abin, sun yarda mugunta ce, sun hana a yi wa zomon ƙasarsu. Amma ba su kashe wutar maƙerar ba. Suka ci gaba da ƙerawa, suna shafa mai, suna jiran irinmu mu zo da kuɗin mai mu kwasa. Na faɗa wa Kawu abin da ya ce, na ƙara da nawa. Kawu ya ce, "To ai su sun gama da nasu namun dajin, me za su kama? Mu namu na nan." Ya sayi matsakaici guda ɗaya don ya duba shi da kyau kafin ya yi oda. Aka naɗe a takarda, aka sa a jakar cefanena, ni na riƙo shi a bas har gida.

Da yamma muna cin tuwon semolina maigidana ya kawo hirar yanyawar da ke shigo mana daga kurmi tana kifar da garwar shara. Irin ta ƙasar tasu ja ce, ta fi tamu girma, da jela kamar tsintsiya. Na ga Kawu ya ɗaga kai.

"Kawu, ka ji dai abin da mutumin ya ce. An hana. In aka kama mu, mu za a tuhuma."

"Na ji, 'yar nan. Ba kurma ba ne ni."

Ranar Juma'a suka tafi masallaci da maigidana, daga can maigidana ya wuce makaranta, ni kuma na fita cefane. Ashe a wannan tsakanin Kawu ya ɗana tarkon a gindin shinge, inda yanyawar ta yi ɗan rami tana kutsowa. Ya rufe da busasshen ganye, ya ajiye wuyan kaza. Bai gaya wa kowa ba.

Asabar da safe na fita da bokitin wanki. Na shanya zane ɗaya sai na ji ƙarar sarƙa.

Tana gindin shingen. Ta tone ƙasa zagaye da turken iya tsawon sarƙar, har wurin ya zama kamar masussuka. Tarkon ya kama ta a ƙafar gaba. Bakinta duk jini, don ta yi ta cizon ƙarfen har haƙoranta sun kakkarye, kuma ta fara cin ƙafar daga ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Da ta gan ni sai ta ja da baya iya inda sarƙar ta ƙare, ta kwanta, tana haki. A asibiti na ga karaya iri-iri, na riƙe wa likita ƙafar da injin ya niƙa ban kau da kai ba. Amma waɗancan tsautsayi ne. Wannan kuwa mutum ne ya zauna ya zana shi a takarda don ya yi daidai abin da nake gani, wani ya ƙera, wani ya sayar, ni na ɗauko a jaka.

Na koma ciki na kira maigidana. Ya tsaya ya duba, ya yi salati a hankali.

"Mu kira likitan dabbobi," na ce.

"In ya zo ya ga tarkon fa? Dole ya kai rahoto. Kin san abin da zai biyo baya. Hotonmu a jarida, baƙaƙe sun zo suna azabtar da dabbobi. Karatuna, karatunki, gidan nan ma sai an tashe mu."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa don ya faɗe ta. Ya ɗauko tsohon bargo ya jefa mata a ka. Na danne ta ta saman bargon da hannu biyu, ina jin zuciyarta na bugawa a tafina da sauri kamar ta tsuntsu. Ya taka sifirin, ƙafarsa ta zame, bakin ya sake rufewa a kan raunin. A nan ne ta yi ƙara, sau ɗaya. Karo na biyu ya buɗe. Na jawo ƙafar na duba. Ƙashin ya dagargaje, fata da jijiya kawai ke riƙe da ita. Babu abin ɗaurewa. Da na ɗaga bargon kaɗan na ga nonuwanta a cike, wato tana da 'ya'ya a wani rami cikin kurmin.

Maigidana ya ce in shiga ciki. Na ce ba inda za ni. Ya ɗauko shebur ɗin da muka tarar a gidan. Mutum ne da ko kaza sai ya kai wa wani ya yanka masa. Bugu uku ya yi kafin ta daina motsi. Ya haƙa rami a wurin, muka binne ta da bargon. Ya je gefen shinge ya yi amai.

Duk wannan Kawu na tsaye a bakin ƙofar kicin da carbinsa. Da muka juyo ya taho, ya ɗauki tarkon, ya goge shi da ganye, ya jujjuya shi yana duba haƙoran.

"Ko lanƙwasa bai yi ba," ya ce.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ban ma taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ranar na yi duka biyun.

"Kawu, ka ga abin da ka yi?"

"Na ga ɓarauniyar da ke zubar muku da shara ta tafi."

"Tun jiya take nan tana cin ƙafarta. Muna kwance a ciki."

"Dabba ce, 'yar nan. Naman daji ne. Ke ba kya cin nama?"

"Kai ka koya mini a wasa wuƙa kafin a kayar da rago. Kai kake korar mu in mun ja shi da ƙaho, ka ce za a tambaye mu a kansa ranar gobe. Wannan ba za a tambaya ba? Ko don ba ta da mai ita?"

Maigidana ya kama hannuna. Na fizge.

"Ɗari nawa za ka saya? Kowanne fa abin da zai yi ke nan, kullum, har ya yi tsatsa. Kuma bai san kura ba, bai san akuya ba. Mace ta shiga daji neman itace, ta ina zai gane ta?"

Kawu ya dubi maigidana, ba ni ba.

"Malam, haka ka bar ta ta koma? Shekara biyu a ƙasar Turawa, yau ni ake tsayarwa a yi wa faɗa a kan yanyawa." Sannan ya juyo. "Ke kin taɓa kwana a ruga kura ta shigo ta farke cikin saniya tana tsaye? Kin taɓa ganin manomi ya wayi gari gyado ya tone masa rogon shekara? Kina nan kina shan shayi da madara. Masu saya sun san abin da ke damunsu."

Ba zan yi ƙarya in ce babu gaskiya a maganarsa ba. Na ce dai na gama yi masa tafinta. Ya ce Allah ya ba shi wani. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Ya samu kuwa. Ranar Litinin wani ɗan kasuwa mutumin Gana, mai Hausar zango, ya zo ya ɗauke shi suka koma Woolwich. Da ya dawo na ga takardun odar a kan tebur, ban taɓa su ba. Sauran kwana biyar da ya yi a gidan ina dafa masa abinci, ina kai masa ruwan alwala da ɗumi, ina durƙusawa in gaishe shi, yana amsawa da kalma ɗaya. Kurmin kuwa na shiga sau biyu bayan na taso aiki, da ɗan nama a takarda, ina leƙa gindin itatuwa ko zan ga ramin. Ban gan shi ba.

Bayan ya tafi na koma kantin ni kaɗai, da rigar aikina. Mai kantin ya gane ni, ya tambayi lafiyar Kawu. Na gaya masa abin da tarkonsa ya yi, ban dai ce a lambunmu ba ne. Na kwatanta masa haƙoran da ƙafar. Ya saurara har na gama, fuskarsa da alamar damuwa, ya ce abin ba daɗi, amma ai ya yi mana gargaɗi ba a ɗanawa a nan.

Na ce, "To a can da za a ɗana, wani irin ƙashi ne da su?"

Ya ce shi ba ya ɗana tarko, sayarwa yake yi. Ya ce in bai sayar ba wani zai sayar, kuma akwai mutanen da ke ci da iyalinsu a masana'antar. Ya ce bai saɓa wa kowace doka ba. Na ce na sani, shi ya sa na zo da kaina, don babu wanda zan kai wa ƙara. Muryata ta tashi, wata mata da ta zo sayen ƙusa ta juyo tana kallona, kallon da na riga na saba da shi a garin. Ya zagayo ya buɗe mini ƙofa da ladabi, ya ce in gaida gida. Na fito na tsaya a lungun. Babu abin da na canza. Da ya zage ni ma da na sami inda zan sauke abin da ke cikina.

Wata guda bayan nan wasiƙar mahaifiyata ta zo. Wanda ya rubuta mata ya cika shafi biyu, amma maganar ɗaya ce: ta ji na ci mutuncin ƙaninta a gaban mijina saboda wata dabbar daji, in rubuta in ba shi haƙuri. Na rubuta. Na ba shi haƙurin ɗaga murya, don wannan kam laifi ne. Ban ce na yi kuskure a kan tarkon ba, shi ma ya lura ban ce ba.

Akwatunan tarkunan da ya yi oda sun daɗe a teku, don lokacin jirage na yin watanni suna jiran layi a tashar Legas. Na yi ta fatan gishirin ruwa ya cinye su. Man da aka shafa musu ya yi aikinsa, suka isa lafiya, kuma na ji ba su yi wata biyu a rumfa ba. Sau ɗaya ya ƙara yin oda. Da muka gama karatu muka koma gida na tarar ya daina kawowa, ba don maganata ba. Maƙeranmu sun kwance ɗaya sun gane kansa, suna ƙera nasu da sifirin tsofaffin motoci, ya fi araha, kuma ya fi na Baturen haƙora. A kasuwannin ƙauye na sha ganinsu a shimfiɗe a ƙasa kusa da fartanya da lauje.

Mun zauna lafiya da Kawu har ƙarshen ransa. Shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Da ciwon ajali ya kama shi ni na yi jinyarsa wata huɗu a gidana, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta taso ba. Ranar da ya nemi gafarar kowa na ce na yafe masa duniya da lahira, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, a kan duk abin da ke tsakanina da shi. Na safiyar Asabar ɗin nan kuwa ban sa shi a ciki ba. Ban ga yadda zan yafe ba, tunda ba ƙafata aka karya ba.